Gindin Mudu

A Kumo, bayan la'asar, a rumfar ƙungiya,
Hammadikko dillalin taki ya kafe takarda da ƙusa.
Sanduna biyu a tsaye, ɗaya ja, ɗaya shuɗiya.
"Ga bara," ya ce, yatsansa na can ƙasa.
"Ga bana." Sai da ya yi ɗage.
Shuɗiyar ta yi uku ɗin jar,
giginya ce a gefen tumfafiya.

Muka tafa. Har da ni,
ni da na shekara tara ina koyar da lissafi,
alli bai gama fita daga farcena ba.

Goggo Dudu ba ta tafa ba.
Shekara talatin tana awo a layin 'yan hatsi,
ba ta san baƙin boko ba, ko na sunanta,
amma mudun da aka bubbuge wa gindi ya shige ciki,
tun daga nesa take gane muryarsa.
Ta zungure ni da gwiwar hannu:
"Bakoji, bar kallon kai, karanto mini ƙafa.
Daga nawa aka fara ƙirga?"

Na matsa, na ƙanƙance ido.
Can a kusurwa, ƙanana kamar ƙwan kwarkwata,
inda sifili ya kamata ya zauna,
arba'in ce ta yi shimfiɗa.
Bara buhu arba'in da biyu.
Bana arba'in da shida.

"Huɗu ke nan," in ji Goggo. "Huɗu ba ƙarya ba ce.
Amma tsayar da mutum biyu a kogi, ruwa iya wuya,
ka ce mu auna abin da ya rage a sama,
ai mai doguwar hula ya zama ƙato.
Wa ya nutsar da arba'in?"

Rumfa ta yi tsit. Wata akuya ta yi atishawa.

"Ina bara waccan,
da ruwa ya ɗauke masara na goyo?
Da wannan takin muka yi ta. Ina tata sandar?"
Hammadikko ya ce takarda ce ta yi kaɗan.
"Gonakin su wa aka auna?"
Ya duba baya. Na bakin fadama.
"To mu 'yan tudu, da muke shuka a kan tsakuwa,
a wane launi aka sa mu?"

Ya buɗe shafi na biyu da hannu mai gumi:
da'ira, an yanka ta kamar kankana,
sittin, talatin da biyar, ashirin da biyar.
Wannan karon ni na riga ta.
Na haɗa a tafin hannu, na sake haɗawa,
kankana ɗaya, kashi ɗari da ashirin!
Na faɗa da ƙarfi fiye da kima,
don in rufe tafin da na yi ɗazu.

Hammadikko ya daɗe yana kallon takardarsa
kamar wanda aka ba canji da jabun kuɗi.
"Wallahi haka aka aiko mini da ita."
"Na sani," in ji Goggo.
"Mai mudu daban, maƙerin mudu daban."

Ta kwance bakin zane, ta sayi rabin buhu.
Rabin gona za ta ba, rabi ta hana,
iri ɗaya, ruwa ɗaya, hannu ɗaya.

Jiya na leƙa ɗakinta.
A bango, dab da daɓe, inda tsintsiya ke sharewa,
ta ja layi da gawayi, ta sa jikarta ta zana sifili,
ƙato, kamar bakin tulu.
Sama da shi babu komai tukuna.
Masara ba ta ko fitar da gemu ba.